Gilashi Mai Kaushi da Gilashi Mai Tsaga

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Mahmudu Mai Hoto, mazaunin Kwanar Dangora. Ina rubuta wannan a watan Safar na 1977 da hannuna na dama, wanda shi kaɗai ya rage yana jin maganata. Hankalina garau yake, ba wanda ya tilasta ni. Wata goma sha huɗu ke nan ina kwance a ɗakin nan, tagarsa katanga take kallo. Ina jin motocin Zariya suna wucewa, ba na ganinsu.

Zuwa ga 'ya'yana, Mudi da Ubale da Asabe.

Na ɗaya. Gida da gonar Kiru a kira malami ya raba yadda shari'a ta ce. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Na biyu. Kyamara da dogon idonta, wanda ke jawo abu na nesa, ina roƙon kada a sayar. Ku bar su a hannun Ubale, in kun yarda.

Na uku. A cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona akwai ƙananan gilasai biyu a naɗe cikin auduga. Su ake sawa a saman kyamara, a kansu mutum yake ganin hoto yana murza saiti. Ɗaya yana da da'ira mai tsaga a tsakiya. Wannan na aikin kusa ne, hoton fasfo da na suna: ka murza har tsagar ta haɗu, shi ke nan. Amma in ka ɗaura dogon ido, rabin da'irar baƙi ƙirin yake yi. Ɗayan ba shi da zane, sai ɗan kaushi. Shi ne na nesa. Yana da duhu, yana son haƙuri, amma ba ya ruɗin ido. A riƙe su ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsu.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya ci ƙauyenmu, hanya ta yanke, na tura Ubale kan tudu ya ɗauko hoton ɗakin marigayiya mahaifiyarku daga nesa da dogon ido, lokacin rufin bai nutse ba tukuna. Fim guda ya ƙarar. Da muka wanke, ba hoto ɗaya da ya fita, duk dishi-dishi. Kafin mu koma, ruwa ya rufe ɗakin. Mudi, ka ce da ƙaninka bai damu da uwarsa ba. Shekara uku ba ku ci a kwano ɗaya ba.

Laifin nawa ne. Ni na bar gilashi mai tsaga a ciki, domin na yi hotunan fasfo da safe, na manta ban canza ba. Ubale ya dawo yana cewa abin ya yi masa baƙi, na ce ya yi shiru. A ranar na gane, na ji kunya, na ƙyale shi ya ɗauki laifin. Kullum ina cewa sai na warke in tara ku. Yanzu harshena ya yi nauyi, in na yi magana Asabe ce kaɗai ke ganewa.

Ubale, ka yafe mini. Mudi, kai ne babba, kai za ka taka zuwa Tudun Wada ka same shi. Kada ka aika, kada ka jira zaman makokina.

Na biyar. Asabe ta bar ɗakin mijinta a Bebeji tana juya ni, tana ba ni abinci a baki. Ku riƙa zuwa gidanta ba sai da dalili ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya jiƙan mahaifiyarku. Ku uku ne kawai. Kada in tafi ku zama uku a gari uku, kowa yana jin labarin ɗan'uwansa a bakin direba.

Mahaifinku,
Mahmudu