Hatimin Baba

Litinin, 1 ga Maris, 2004
Ta tabbata: za a haɗe garinmu Dunhe da na gaba, ofis ya koma can, sunanmu ya ɓace daga takardu. Sakatare Kuang ya ce tunda ni na karantar da rabin garin, ni zan rubuta littafin tarihinsa kafin a sauke allon ƙofa. Kaina ya kumbura, ba ƙarya.

Alhamis, 4 ga Maris
Babin gyaɗa da masana'antar bulo ya kammala. Gwiwata na damuna.

Talata, 9 ga Maris
A ɗakin ajiya na ci karo da rahoton girbin 1959. An rubuta mun girbe alkama ninki uku na abin da gona ta bayar. Gwamnati ta ɗebi rabonta bisa wannan ƙaryar, rumbu ya zama wayam. A ƙasa, jan hatimin shugaban manoma: Pang Jinsuo. Baba.
Shekarata tara lokacin. Ina tuna ɓawon itace a tukunyar maƙwabta. Tamu kuwa ba ta taɓa rasa kunu ba, ni ko ban taɓa tambaya ba.

Laraba, 10 ga Maris
Ban ci abinci ba. Matata Suzhen ta ce in ba zan ci taliyarta ba in daina zama ina harararta.

Asabar, 13 ga Maris
Ranar kasuwa. Goggo Dou mai awara ta riƙe mini hannun riga. Ta ji ana littafi, tana so a sa 'ya'yanta uku da yunwar ta kashe. Na fara kame-kame, wai wuri ya yi kaɗan.
"Malam Pang, ka samar wa bulo shafi goma, ka rasa wa yarana layi uku?"
Ta ƙara mini awara ɗaya kyauta. Ta san hatimin waye, wallahi ta sani. Shekara arba'in da biyar tana gaishe ni.

Laraba, 17 ga Maris
Kuang ya ce a rubuta "shekarun wahala" a wuce. Kowane gari haka ya yi, kuma wanda ya ƙi ƙara lissafi a lokacin ɗaure shi ake yi. Gaskiya ne. Na fito ina jin daɗi, jin daɗin ya ba ni kunya.

Lahadi, 21 ga Maris
Baba ne fa, mutumin da ya goya ni zuwa makaranta cikin ruwan sama. In tona masa asiri yana kwance a kabari? Ba zan iya ba. Na rufe maganar.

Lahadi, 4 ga Afrilu
Ranar sharar kaburbura. Na cire wa Baba ciyawa, na zuba masa giya, na ƙona masa kuɗin takarda kamar yadda ake wa matattu. Bakina ya ƙi yi masa hirar da na saba.
A gangare na tarar da Goggo Dou tana fama da tsintsiya a kan 'yan tudu uku marasa dutse. Na karɓa na share. Hanya ce dai ta biyo da ni. Na tambaye ta sunayen, na rubuta a bayan kwalin taba.
Gobe zan miƙa littafin. Shafi na sittin ya ƙaru da layi huɗu. Uku nata ne, ɗaya na Baba.