Muryar Kakana da Ta Maƙale a Kwamfutarka

Zuwa ga mai shagon tura bidiyo a waya da ke kusa da tasha, Kazaure.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kasuwa na albarka. Ni ne Ɗanjuma na Roni, wanda ya zo shagonka sau huɗu kana ce masa ya dawo gobe. Allo kaɗai na yi, a waya na koyi rubutun boko, a yafe kuskure. Na fito fili ne don na gaji da hawa acaɓa.

Na farko. Na kawo maka bidiyon kakana, marigayi Malam Idi, yana yi wa iyalinsa addu'a ranar wani suna, yana kiran kowa da sunansa. Na ce ka juya shi yadda ƙaramar wayar kakata Iya za ta buɗe. Ka juya, hoto ya fito tas, murya kuwa ta koma kamar sauro a cikin tulu.

Na biyu. Ka ce wayar ce. Na ƙure ƙara, na busa sifika, na goge ta da tsinke. Na gwada a wayoyi uku, na jona da sifikar mai shayi, har cikin kwanon sha na saka wayar ko sautin zai ƙaru. Karatu da waƙa duk suna tashi da ƙarfi, Malam kaɗai ne ba a ji. Ka kuma goge na asalin daga memorina ba ka tambaye ni ba, wai haka kuke yi don a sami wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne Iya. Ba na musun halina. Na taɓa yini ina motsa mata baki ba sauti har ta ɗauka ta kurmance, ta sa aka ɗiga mata man zaitun a kunne. Shi ya sa yanzu ta rantse ni na rage muryar mijinta don tsokana. Na yi rantsuwa, gida ya fashe da dariya. Ta daina kirana maigidanta, ta daina ajiye mini ƙanzo. Kullum bayan la'asar takan riƙe wayar tana kallon bakin Malam, tana cewa amin a inda take zaton ya tsaya.

Roƙona: ka duba kwamfutarka ko na asalin yana nan, ka sake juyawa, ka saurara kafin ka ba ni. Ka daina goge wa mutane abinsu. In kuwa ya tafi, ka faɗa mini gaskiya, sannan ka kira Iya ka gaya mata da bakinka cewa aikinka ne. Kai ba ta san ka ba, za ta yarda da kai.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya jiƙan naka da suka rigaye mu.

Wassalam.

Ɗanjuma, Roni.