Wanda Ya Fara Barin Ƙanƙara

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Miyar wake a kantin filin wasa, kamar kowace Alhamis. A tsaye na sha ta, don in na zauna tashin ne aiki.

Tun da aka buɗe kakar hokin ƙanƙara ta bana ban huta ko wasa ɗaya ba. Muna can ƙasan tebur, kuma Reijo, kocinmu, ya rantse ba zai canza gola ba sai mun fita daga ramin. Kullum da safe zai zo ya bugi katifun kariyar da ke ƙafata da sandarsa ya ce, "Torsti, za ka iya?" In ce zan iya. Shekarata talatin da bakwai, tun ina firamare nake tsaye a raga, ban taɓa jin golan da aka yi wa wannan tambayar ya ce a'a ba. Reijo ma ya san haka, shi ya sa yake tambaya.

Ciwon a kwatangwalon hagu yake. Da safe kamar an zuba masa yashi.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Mun ci da ƙyar. Faifai, ɗan robar nan da ake harbawa a madadin ƙwallo, ya yi ta zuwa kamar ruwan sama, na tare abin da na tare. Reijo ya gaya wa 'yan jarida wai da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar zumar sai da ta dafa bango kafin ta cire takalmi.

Aatu na bakin ƙofar benci kamar kullum. Aikin gola na biyu ke nan: ya sa hula, ya rataya tawul, ya buɗe wa masu shiga da masu fita. Shekararsa ashirin da ɗaya, dogo, hannu kamar faranti. Yana buɗe ƙofar nan da zuciya ɗaya har abin ya riƙa ba ni haushi. Da zai ɗan ɓata rai, da na fi samun sauƙi.

Talata, 22 ga Nuwamba

Manaja ya ce in Aatu bai samu wasa ba kafin sabuwar shekara, za a tura shi ƙaramar gasa can arewa. Na san waɗanda aka tura can. Ɗaya yanzu yana sayar da tayoyin mota na lokacin sanyi a Kajaani.

Nawa kwantiragin kuma da bazara zai ƙare. Raga ɗaya ce, mu biyu ne. Ba wanda ya taɓa faɗin haka a ɗakin sauya kaya, amma kowa ya iya lissafi.

Bayan atisaye Aatu ya tambaye ni yadda nake gane inda mutum zai harba. Na ce ya bar kallon faifai ya kalli kafaɗa. Ya ce, "Na gode, Tsoho." Ina koya masa yadda zai ƙwace min abinci, yana godiya.

Alhamis, 1 ga Disamba

Rana ba ta fito ba yau. Kaisu, matata, ita ta sa min safa. Ba mu yi magana a kai ba.

Juma'a, 9 ga Disamba

Bari in rubuta shi yadda ya faru, tunda gari duk ya ɗauka wani abu ne daban.

Ranar wasa ana ɗan atisaye da safe. Golan da zai tsaya da yamma shi ke fara barin ƙanƙara, ya je ya huta. Na biyu ya zauna ya sha harbin waɗanda ba a saka a wasa ba har su gaji. Ba doka ba ce, ba wanda ya rubuta ta, amma da ita kowa ke sanin wa zai tsaya. Helmi ta jaridar gari ma abin da ke kawo ta ke nan, ta zauna a sama da kofinta tana jiran ta ga wa ya fara fita.

Reijo ya yi tambayarsa, na ba shi amsarsa, ya wuce ofis. Harbi na ƙarshe na durƙusa na tare, sai kwatangwalon ya ce ƙas, ya riƙe. Na miƙe da taimakon sanda, amma na san in na ɗaga ƙafar nan zan faɗi a gaban kowa. Sai na jingina da ƙarfen raga kamar mai tunani, ina jira ya saki.

'Yan wasa suka watse. Aatu yana can ɗaya ragar ya ƙi motsi, don na biyu ba ya fita kafin na farko. Ni ina jira ya tafi kada ya ga ɗingishina, shi yana jira in tafi don ladabi. Muka tsaya muna kallon juna daga nesa kamar gumaka biyu. Sulo mai motar goge ƙanƙara ya leƙo ya ce, "Ku biyun nan aure za ku yi ne, ko in zo in goge da ku?"

Haushi ya kama ni. Na ɗaga sanda na nuna wa Aatu ƙofa. "Fita! Kai nake wa magana, fita!"

Ya tsaya. Ya nuna ƙirjinsa. Na ce, "Kai mana, akwai wani?"

Ya zo har inda nake, ya cire hular kwano daga kansa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Tsoho, ba zan ba ka kunya ba." Ya bugi katifuna da sandarsa ya fita. Sai a lokacin na gane abin da na yi.

Kafin ƙafar ta saki in kai ɗakin sauya kaya, Helmi ta riga ta saka labari: tsohon gola ya miƙa wa yaro raga da hannunsa. Reijo ya same ni ya dafa kafaɗata. "Na san bakinka ba zai iya faɗa ba. Yadda ka yi ɗin ya fi." A wurinsa faɗuwa ta zo daidai da zama, don manaja ya daɗe yana matsa masa.

In ce me? In ce ba kyauta na yi ba, ƙafa ce ta ƙi? Wannan maganar in ta fita, ba raga kaɗai zan rasa ba. Na bar shi a haka.

Asabar, 10 ga Disamba

Jiya yaron bai bari ko ɗaya ta shiga ba. Ko ɗaya.

Ni kuwa ashe ban iya buɗe ƙofa ba. Sau biyu na makara, ɗan wasan bayanmu ya yi karo da ita ya ce, "Kaka, a nemo maka tabarau ne?" Sakatar ta datse min yatsa. Da aka tashi 'yan kallo suka kira sunan Aatu, sannan suka kira nawa, suna tafi. Ban taɓa jin tafin da ya yi min ciwo kamar wannan ba.

Na so ya sha biyar. Gaskiya ke nan, kuma nan kaɗai zan faɗe ta.

Asabar, 24 ga Disamba

Mun kai wa Baba kyandir a maƙabarta, muka dawo muka shiga sauna, ɗakin wankan tururi. Kaisu ta zuba ruwa a duwatsu, ta jira tururin ya lafa, sannan ta ce, "Mutumin da ba ya barin min kujerar gaban talabijin shi ne ya bar wa wani raga?" Na ce mutane na canzawa. Ta ce, "Mutane dai."

Aatu ya aiko da baƙin burodi da mahaifiyarsa ta gasa, da gaisuwa wai ba za su manta ba. Burodin da daɗi, abin haushi.

Juma'a, 13 ga Janairu

Likita ya yi min allura a gaɓar tun bayan Kirsimeti, ga hutu kuma da ban nema ba. Ƙafar ta dawo. Ina durƙusawa ina miƙewa kamar da.

Na je na gaya wa Reijo na shirya. Bai ma ɗago daga allonsa ba. "Yaron na ci, Torsti. In taɓa shi don me?"

Maganar tura Aatu arewa ta mutu. Yanzu ni nake zama bayan atisaye ina shan harbin 'yan benci. Suna harbi sama-sama, wai suna tausaya wa tsoho. Na ce wa ɗaya in ya ƙara tausaya min zan karya masa sanda a baya.

Laraba, 1 ga Fabrairu

Tun ranar nan Aatu bai huta ba. Wasa, mota, wasa.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Yaron ya gaji. Ba sai an gaya min ba, jiki magayi. Yana durƙusawa tun kafin a harba, miƙewar kuma tana ɗaukarsa lokaci. A mota baya barci, yana ta murza cinya yana kallon taga. Da safe na ji Reijo ya yi masa tambayar nan, shi kuma ya amsa da irin muryata, har da ɗaga haɓa. A wurina ya koya. Duk abin da na koya masa da baki bai kama shi kamar wannan da ban koya masa ba.

Na bi Reijo ofis na ce ya ba yaron hutun wasa ɗaya, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, in aka ci gaba haka kafin ya kai talatin matarsa ce za ta riƙa sa masa safa.

Ya yi dariya. "Yaron kake tausayi, ko ragarka kake nema?"

Duka biyun ne, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. Na fito na bugo masa ƙofa, abin da na ƙware a kai yanzu.

Laraba, 1 ga Maris

Mun tsira daga ƙasan tebur. Gaba kuma ba za mu je ba, saura 'yan wasanni a rufe.

Manaja ya kira ni. Ya ba ni kofi, ya yi ta zagaye. Ƙarshenta dai: yana so in ƙara shekara a bayan Aatu, amma masu ƙungiya sun ji raɗe-raɗin ƙafata, kuma tun Disamba ba su gan ni a raga ba. "Ka shiga ko sau ɗaya su gani da idonsu, sai mu sa hannu. In ba haka ba, ba ni da abin da zan ce musu." Reijo ya yi alkawarin ba ni wasan ƙarshe.

Kaisu ta tambaye ni in ba a sa hannun ba fa. Na ce ƙaninta ya daɗe yana neman direba a kamfanin katako. Na faɗa da wasa, ba wanda ya yi dariya.

Alhamis, 9 ga Maris

Wasu masu farautar 'yan wasa za su zo daga Amurka ranar Asabar, ranar wasan ƙarshe, don su ga Aatu. Reijo ya ce in yi haƙuri, ba daga shi ba ne. Alkawarin ya bi ruwa.

Lahadi, 12 ga Maris

An rufe kaka jiya.

Yaron ya shiga da ƙafafu kamar na aro. Ya ga mutanen nan biyu a sama da manyan rigunansu, ga gajiyar wata uku. Kafin a kai rabin zangon farko an zura masa uku. Ta ukun ma daga tsakiyar fili aka harbo, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa. Fili ya yi tsit. Ya juya yana shan ruwa.

Reijo ya taho ƙarshen benci. "Torsti, sa kwano. Ga ranarka ta zo."

Manaja na zaune a sama tare da masu ƙungiya, ina ganinsu. Na riga na kai hannu kan kwanon. Sai na ga Aatu ya waiwayo yana kallon benci, ya fara tattara sandarsa, ya san abin da ke tafe. In aka cire gola a gaban irin mutanen nan, abin da za su tafi da shi gida ke nan, shi ma da shi zai kwana har kaka mai zuwa.

Na ce wa Reijo ƙafar ta riƙe.

Ya kalle ni. "Da safe kana tsalle."

"Yanzu ta riƙe."

"Ka san abin da kake faɗa? Sai na gaya musu dalili."

Na ce ya gaya musu. Na bugi katangar katakon gefen fili da sanda na yi wa yaron ihu ya koma ragarsa, ya bar kallona kamar ya ga fatalwa, kafaɗa zai kalla.

Ba a ƙara zura masa ba. Bai yi wani abin al'ajabi ba, ya dai tsaya, har ƙarshe. An ci mu uku da biyu. Baƙin sun sauko sun yi magana da shi, ban san me suka ce ba, ban tambaya ba. Manaja ya wuce ni a baranda ya ce in zo ofis ranar Litinin. Bai ambaci kofi ba.

Ba wani abu na yi ba. Wasan ba shi da amfani a tebur, kuma shiga da sanyin jiki a tsakiyar wasa ba ya yi wa mai shekaruna kyau. Kowane gola zai gaya maka haka.

Yau na kwaso kayana. Na saɓo jakar na hau matakalar gida, sai na hango Kaisu a bakin ƙofa, na fara ɗingishi. Ta bar ni har na iso.

"Wace ƙafar ce ta riƙe?"

Na ce hagu mana, kamar kullum.

Ta karɓi sandunan daga hannuna. "To da dama kake ɗingisawa."

Na ce ta ɗora kofi.