Muryar Ishatu tana cikin wayata

Anti Maijidda, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni mai ƙunshi ce a Tudun Wada, Zariya, da sana'ar nake riƙe marayuna biyu. Duk amaryar da na yi wa, nakan sa hoton hannunta da ƙafarta a shafina, ban da fuska, ta nan ake nemana. Bayan ƙaramar salla na yi wa Ishatu, 'yar maƙwabtanmu, yarinyar da na goya da zanena. Zanen ƙunshin ya hau har gwiwa, ya yi kyau. Na tambaye ta, ta turo min saƙon murya tana dariya, ta ce in sa.

Wasu marasa tsoron Allah suka kwashi hoton, suka haɗa da waƙar batsa, ya zaga gari. Mijinta Salmanu ya gane tabon ƙuna da ke ƙwaurinta. Don tsoro ta rantse masa ba da saninta ba ne. Na goge nawa, amma aikin gama ya gama. Yanzu ya kai ni kotu, an kawo sammaci. Amare sun ɗauke ƙafa, uwar Ishatu ko gaisuwata ba ta amsawa.

Muryar tana nan. In na kunna wa alƙali na fita, aurenta ya mutu, ga ta da ƙaramin ciki. In na yi shiru aka ɗaure ni, ban san wa zan bar wa yarana ba. Gaba kura baya sayaki. Sai in kai yatsa zan goge, in fasa, in yi ta kuka.

Taki, Mai Ƙunshi

'Yar'uwa, share hawayenki, ki janye yatsan nan. Kada ki goge muryar, kada ki tura wa kowa. Ki nemi lauya tun kafin ranar zama, ki ba shi ya saurara, ya kuma nuna miki yadda ake kai ƙarar masu yaɗa hoton, don su ne masu babban laifi.

Salmanu ba mugu ba ne, an taɓa mutuncin gidansa. Ishatu ma tsoro ne ya kai ta. Ke kuma kin nemi izini, sai dai abin da ya haura idon sawu bai kamata ya hau shafi ba, ko da mai ƙafar ta yarda.

Amma ba a rufa asiri da ƙarya a gaban shari'a, kuma marayunki ba su yi wa kowa laifi ba. Ki sami Ishatu ita kaɗai, ki gaya mata muryar tana nan kuma ba za ki ɓoye ba in an tambaya. Ta samo babban da mijin ke jin kunyarsa, ta faɗi gaskiya da kanta, a nemi sulhu. Ba zan ce miki auren zai tsira ba. Amma gara ya ji daga bakin matarsa a ɗaki, da ya ji dariyarta daga wayarki a gaban alƙali.

Allah Ya sassauta muku, Ya sauke ta lafiya.