Alawar Baba a kwandon shara

Maman Auta,

Na fita da wuri, ban so na tashe ki ba. Kafin ki yi wa Baba allurarsa, don Allah ki aika kanti a sayo alawa, ki sa masa a aljihu da hannunki. Wadda likita ya ce ya riƙa ajiyewa saboda faɗuwar sukarinsa babu ko ɗaya. Ɗazu na tarar da ita a kwandon shara, duk ta jiƙe. Auta ce ta kwashe. Da bakinta ta faɗa mini, tana ta murna, wai ta ceci kakanta.

Kada ki yi mata faɗa. Ni ne kullum nake ce mata zaƙi guba ne, don dai ta rage sha. Da na ce mata ai ta Kaka magani ce, sai ta tsura mini ido ta ce, "Abba, to yaushe ka yi ƙarya, jiya ko yau?"

Sai kawai na sa takalmina. Hankalina yana kan Baba, ki kira ni da zarar alawar ta shiga aljihunsa. Auta kuwa, in ta tambaye ki, ki ce ta jira ni. Amsar a wuyana take.

Abbansu