Lissafina da littafin shanun kakana

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi.

Ni ɗan Illela ne, ina digiri na biyu a fiziks. Bincikena shi ne a ɗauki lissafin da ake auna motsin ƙwayoyin iska da shi, a gwada shi kan hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari. Malamina ya ce in nemo wata tsohuwar kasuwa mu kwatanta, sai na tuna littafin marigayi kakana. Dillalin shanu ne, tun shekarar samun 'yanci har juyin mulkin farko, duk Lahadi sai ya rubuta farashin kowane sa da ajami. Wata takwas ina kwafa, har tabarau na saya.

Sakamako ya fito gwanin sha'awa, farashi na tafiya lafiya sai ya rikito kwatsam, sak irin na hannun jari. Malam har ya kai shi taro, aka tafa masa.

Makon jiya na je Gidan Katta gaida ƙanen kakan, ina ta cika baki. Tsohon ya duba shafin da na nuna, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mi ya faɗi? Babu abin da ya faɗi, ɗana. Ran da mutanen Ƙonni ta Nijar sunka zo, da sefa aka ciniki." Ashe a irin wannan rana, kakana jika yake rubutawa, wato sefa dubu, ba fam ba, kuma ba ya sa alama tunda shi ya san masu sayensa. San fam goma sha biyar sai ya zama goma a takarda. Faɗuwar da na gina komai a kanta ke nan, wallahi kamar in yi kuka!

Na gaya wa malam, ya hau ni da faɗa, wai wa zai je ƙauye ya tambayi tsoho, in yi shiru, saura sati biyu in kare aikin. In na gyara, shekara guda ta tafi, kuma ban san da wace fuska zai sake karɓata ba.

Sunan kakana ne a shafin sadaukarwa na kundin bincikena. Ƙanensa ya ce har ya rasu ba a taɓa kama ƙarya a littafinsa ba. In yi shiru in karɓi digirina, ko in fasa? Ku gaya min, ni ne jikan da zai fara yi wa littafin nan ƙarya?