Na Sa Hannu a Shagon Shayi, 'Yata Ta Kama Ni a Ofis

Baji Nusrat, yayarmu mai ba da shawara, don Allah ki agaje ni, na jiƙa wa kaina aiki da hannuna na dama.

Ni tsohon tela ne a nan birnin Multan. Aji biyar na tsaya, amma sa hannuna ko alƙali ya gani sai ya sake kallo: lanƙwasa uku da ɗigo biyu. 'Yata Shagufta ce ta yi karatun. Kullum ina faɗa wa mutane ƙwaƙwalwata ta kwaso, uwarta kuma ta ce gaskiya ne, shi ya sa ba ta rage min komai ba.

Aikinta kammala cinikin gidaje a wani kamfani. Ita ke bin takardun gida tun daga kakan mai shi, ta tara mai saye da mai sayarwa da shaidu, a dangwala yatsa, sannan a miƙa makulli. In ba ta ce an gama ba, to ba a gama ba. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a shagon shayi ya haddace wannan.

To Karamat, abokina na shekara arba'in, zai sayar da gidan da suka gada, cinikin kuma ya faɗo teburin 'yata. Yana da ƙanwa, Irshad Bibi, tana aure a ƙauye, ita ma da kasonta. Ya zo min da takarda wai ta yafe masa, ga yatsa an dangwala, shaida kawai ya rage. Ya ce wa ya kai uban Shagufta cancanta? Kaina ya kumbura. Ban karanta ba, ban ga Irshad ba, na zuba sa hannuna kafin shayina ya huce.

Ranar kammalawa na sha guga, na ɗauki kwalin alewa don rabawa. Ashe yarinyar nan ta hau motar haya har ƙauyen, ta tarar Irshad ba ta ma san ana sayar da gidan ubanta ba. A gaban mai saye da shugabanta da Karamat, ta kira ni da cikakken sunana kamar ba ni na raɗa mata nata ba, ta ce, "Shaida, a gabanka ta dangwala yatsan nan?" Na lalubi barkwanci ko ɗaya a kaina, babu. Na ce a'a. Ta rufe fayil, ciniki ya watse.

Baji, na ji kunya, amma wallahi da maza na guɗa da na rangaɗa ta a wurin. Yarinyar da nake ɗinka wa kayan makaranta da ragowar yadin mutane, yau ko ubanta bai isa ya sa ta kau da kai ba.

Sai dai kwana tara ke nan tana ajiye min abinci ba ta kallona. A ofis ana raɗe-raɗin ubanta mai shaidar zur ne, shugabanta kuma ya janye mata manyan cinikayya. Karamat na yawo yana cewa na haifi mai tozarta ni. Ni ma da ɗan ƙorafina: ta san komai, ta bar ni ina ta goge riga. Amma na san bashin ban-haƙuri na kaina, ni kuwa ban taɓa bai wa ɗan da na haifa haƙuri ba. Ta ina ake farawa?

Tela Mai Dogon Sa Hannu

Baba Tela,

Na yarda ba ka yi niyyar cuta ba, kuma kunya a gaban jama'a tana da ciwo. Amma da ta raɗa maka a gida ka sulale, da gobe an ce ta rufa wa ubanta asiri, aikin ya tafi gaba ɗaya. Da ta tambaye ka a fili, dama ta ba ka ka faɗi gaskiya da bakinka, ka kuwa faɗa. Wannan a'ar taka ta cece ku duka, har da Irshad.

Nemi lauya ya rubuta maka takardar janye shaida, ka karanta kowane layi ko da zai cinye maka yini. Kai ta ofis da ƙafarka, ka shaida wa shugabanta cewa babu hannun 'yarka a ciki. Ka je ƙauye ka nemi gafarar Irshad. Karamat kuwa sunan 'yarka ya zo aro, ka riƙa gaishe shi daga nesa.

Sannan ka zaunar da Shagufta. Minti biyar, ban da wasa. Ce mata ka yi kuskure, ka kuma ce mata kana alfahari da ita. Ni baƙuwa ka cika min shafi da yabonta, ita mai abin kuwa ina zargin ko jimla ɗaya ba ta taɓa ji daga bakinka ba. Girmanka ba zai ragu ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara mata tsayuwa a kan gaskiya.

Baji Nusrat